Kada Ku Zaunar da Tsofaffinku

An rubuto wannan daga laccar da wani tsohon ma'aikacin jinya ya gabatar a wata unguwa a Garwa, ƙasar Kamaru, bayan sallar la'asar.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa.

Na daɗe ina aikin jinya, kuma abin da na fi gani yana kayar da dattijo, 'ya'yansa ne suke kawo masa shi, don ƙauna. "Baba, zauna ka huta." An karɓe fartanya, an hana shi zuwa kasuwa, masallacin Juma'a ma sai an kira masa mai babur. Kafin shekara ta zagayo, tashi daga tabarma sai an kama shi. Naman cinya in ba a mora shi ba zubewa yake yi, alhali shi ne ke riƙe tsoho kada ya faɗi. Haka muka yi wa Innarmu. Mun hana ta ko sharar tsakar gida, ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya ƙafar ba ta da ƙarfin tare ta, ƙugu ya karye. Har yau abin yana cina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum, har wanda ya haura 65, yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 30 ke nan, kwana biyar. Tafiya ce kawai, wadda za ka ji numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya hira da na kusa da kai.

Sai dai ku kula da lokaci. Kun san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40. Ku fita bayan asuba, ku dawo kafin hantsi, da gorar ruwa a hannu, domin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara shawartar likitansa.

Ni wajen kogin Binuwai nake nufa. In na isa kusa da gada, masunta na tura kwalekwale, balbelu sun jeru fari fat a kan yashi. Wata rana sai ka hangi kunnuwan dorina biyu a tsakiyar ruwa, ta huro iska, ta nutse. Daga nesa ake kallonta, Alhaji, ba a matsawa. Akwai wani gawo a hanyata da na mai da shi aboki. Da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore shar, shi zubar da ganye yake yi. Rani na kamawa sai ya tofo, awaki su taru suna cin 'ya'yansa. Shekara nawa ina wuce shi a kan babur ban taɓa lura ba! Allah Ya ce mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, yaya aka yi su. Daga cikin ɗaki ba a wannan duban. Kuma wanda ya ga dawowar shamuwa da idonsa, ya riga rediyo sanin damina ta kusa.

Hajiyoyi, ku ma da ku nake. In kogi ya yi nisa, ga zogale da yakuwa a bayan gida, ban ruwa da tsinkar ganye motsi ne. Ku ja jikoki ku nuna musu sunan kowace ciyawa, don in ba ku faɗa ba, ba mai faɗa musu.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar asuba ina ƙofar masallaci. Mai sanda ya zo da sandarsa, a hankali za mu tafi. Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.