Tambayoyi takwas da ake auna yunwar duniya da su

[Kanun labarai biyu a kan allo, gefe da gefe]

Ku dubi waɗannan kanun labarai. Na hagu ya ce mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a duniya a 2023. Na dama ya ce mutum biliyan 2.33 ne ba su da tabbacin samun isasshen abinci, a wannan shekarar dai. Daga rahoto ɗaya aka ciro su duka biyun, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024. Tun da muka ɗora wannan hoton saƙonni ke ta shigo mana, wai dole ɗaya ƙarya ce. Wani ma ya rubuto ya ce, "Su wa suka bi gida-gida suka leƙa tukunyar mutum biliyan biyu?"

Malam, tambayarka ta yi. Ba wanda ya leƙa tukunyar kowa. Tambaya aka yi wa mutane, guda takwas.

Bari mu sallami lambar farko tukuna. Ita miliyan 733 lissafin ofis ce. A haɗa abin da ƙasa ta noma da wanda ta shigo da shi, a cire wanda ta fitar waje, da na iri, da na dabbobi, da wanda ya lalace, sannan a duba yawan jama'a da yadda rabon yake tsakanin mai shi da marar shi. An daɗe ana yin sa, kuma yana da amfaninsa. Yau dai ba shi ne a gabanmu ba.

Lamba ta biyu ce ake yi wa gurguwar fahimta, don mutane na ɗauka wasu masu ɗaurin wuya ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka ƙirƙiro tambayoyin. To, ga inda suka fito.

[Tsofaffin hotuna: gidajen katako, dusar ƙanƙara, wata mata da rikoda]

Ƙarshen shekarun 1980 ne, a jihar Niyok ta Amurka. Ba birnin da kuke gani a talabijin ba, can cikin ƙananan garuruwa da ƙauyukan jihar. A lokacin ana ta jayayya a ƙasar: akwai yunwa ko babu? Masu raba abinci kyauta na cewa layi sai ƙara tsawo yake yi, wasu 'yan siyasa na cewa a kawo hujja. Kuma ba a da ma'aunin da kowa ya yarda da shi, don yaran ba su rame kamar na sansanin gudun hijira ba.

Sai wata ɗaliba mai binciken digiri na uku a Jami'ar Cornell, Kathy Radimer, ta ajiye sikeli ta je ta zauna da mata 32 waɗanda suka san abin a jikinsu. Ba ta zo musu da takardar cikewa ba. Ta bar su suka yi ta magana, ita tana saurare.

Abin da ya fito daga bakinsu shi ne duk wannan bidiyon, don haka ku ɗan ba ni hankalinku.

Matan sun nuna mata cewa yunwa ba ta faɗo wa gida rana ɗaya. Hawa-hawa take shigowa, kuma uwar gida na kokawa da ita a kowane hawa. Da farko fargaba ce. Abinci na nan, an ci an ƙoshi, amma ta kwanta tana lissafin kwana nawa ya rage kafin kuɗi su shigo. Daga nan sai a fara sauke inganci, abu ɗaya mai arha a yi ta maimaita shi safe da dare. Sai a zo kan yawa, kuma babba ne ke fara ragewa. Uwa ta zuba wa yara, ta ce ita ta ci a kicin, alhali ba ta ci ba. Sai abin ya kai maƙura ne yake taɓa kwanon yaro.

Kun ga ke nan idan ka tsaya jiran yaro ya rame kafin ka ce gidan nan akwai matsala, ka makara da hawa uku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ya sani tun kafin ruwan ya cika ɗakin.

Radimer da malamanta suka ɗauki jimlolin matan, kusan yadda suka faɗe su, suka mayar da su tambayoyi, suka gwada a kan wasu mata 189, suka wallafa sakamakon a 1990. Jikokin waɗannan tambayoyin ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke amfani da su yau. Ga su nan, za su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

[Zanen tsani mai matakai takwas, kowace tambaya na haskawa]

A cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ko akwai lokacin da ka damu cewa abinci ba zai ishe ka ba? Ko ka kasa cin abinci mai gina jiki? Ko kala kaɗan kawai ka riƙa ci? Ko ka tsallake cin abinci na wani lokaci? Ko ka ci ƙasa da abin da kake ganin ya kamata? Ko abinci ya ƙare ƙarƙaf a gidanku? Ko ka ji yunwa amma ba ka ci ba? Ko ka wuni ka kwana ba ka sa komai a baki ba?

Kowace tambaya tana da jela, kuma jelar nan ce ake mantawa: "saboda rashin kuɗi ko rashin hali". Don haka mai azumi ba ya ciki. Mai rage tumbi ma ba ya ciki, Allah ya ba shi sa'a. Wanda aiki ya sha masa kai ya manta da abincin rana, shi ma ya koma gefe.

Amsar kuma e ce ko a'a. Shi ke nan.

Na san abin da ke ranku. Ai mutum na iya yin ƙarya. Ƙwarai kuwa, ta fuska biyu ma. Wani zai ƙara gishiri don yana zaton bayan mai tambayar akwai motar tallafi. Wani kuma, kuma ni a ganina wannan ya fi yawa, zai ɓoye don rufin asiri. Magidanci ya dubi baƙo ya ce abinci ya ƙare a gidana, ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa mai tambayar kirki ke faɗa tun a bakin ƙofa cewa ba rabon komai ya kawo shi ba, kuma sunan mutum ba zai fita ba.

Amma akwai wata dabara a cikin tsanin kansa. Ku tuna jarrabawar lissafi. Ɗalibin da ya ci tambaya mafi wuya, ana sa ran ya ci masu sauƙin. Idan aka ga rabin aji sun ci mai wuyar sun faɗi mai sauƙin, to ko an yi satar amsa ko tambayar ce ba a rubuta ta daidai ba. Wannan ba misalin da na ƙago ba ne. Lissafin da ake tace amsoshin da shi na wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Denmak, Georg Rasch, kuma don auna ƙwarewar ɗalibai ya tsara shi, ya wallafa a 1960. Haka nan wanda ya ce ya wuni ya kwana bai ci ba, ya kamata a ce ya riga ya taka matakan ƙasa. Idan a wata ƙasa aka ga amsoshi na tsalle ba bisa tsari ba, lissafin zai nuna tambayar da ke da matsala, sai a koma a duba yadda aka fassara ta. Ba zai kama ƙaryar mutum ɗaya ba. Amma idan tambaya ta karkace wa al'umma guda, zai tona.

A kan tsanin akwai layi biyu. Wanda ya kai wajen matakin rage yawan abin da yake ci, yana cikin matsakaicin hali. Wanda ya kai na wuni da kwana ba ci, yana cikin matsanancin hali. Haɗa rukunin biyu ne ya ba da biliyan 2.33. Na matsanancin kaɗai, a wannan rahoton, kusan miliyan 864 ne. Kun ga yanzu ta matso kusa da miliyan 733 ɗin can. Hanya biyu daban, kowacce da abin da take aunawa, ba mai ƙaryata 'yar'uwarta.

Kuma a'a, ba mutum biliyan biyu aka tambaya ba. Tun daga 2014 kamfanin jin ra'ayin jama'a na Gallup ke yi wa FAO wannan aiki a ƙasashe sama da 140, galibi kimanin mutum 1,000 a kowace ƙasa, waɗanda aka zaɓo ta hanyar da kowa ke da damar faɗowa ciki. Ƙasashe da dama kuma sun sa tambayoyin a cikin nasu binciken na ƙasa. Mai girki ba ya shanye tukunya don ya ji gishiri, juyawa yake yi sosai ya ɗanɗana.

[Taswirar Birazil, ɗakin taro, mata da maza a zagaye]

Nan ba mu da hotuna da yawa, don haka ku yi haƙuri da muryata. Lokacin da masu bincike a Jami'ar Campinas ta Birazil suka so ɗaukar ma'aunin Amurka, wanda shi ma jikan tambayoyin Radimer ne, ba su miƙa wa mai fassara suka tafi shan iska ba. Sun tara mutanen unguwannin talakawa, suka karanta musu tambayoyin ɗaya-ɗaya, suka ce wace ce ta shige ku, wace ce ba ta shige ku ba. A tambayar Amurka akwai maganar abinci "mai daidaito", irin yaren likitan abinci. A ta Birazil ta koma abinci mai lafiya kuma kala-kala, yadda kowa zai gane. Wata goma sha biyun ma aka mayar da shi wata uku. Wannan zaman, a wurina, shi ne ake nufi da bincike tare da al'umma. Ba ka zo ka ɗebi amsa ka tafi ba. Su ne za su gyara maka tambayar kafin ka yi ta, don tambayar da ba a gane ba amsarta shara ce, ko da kwamfutar da ta fi kowace tsada ce ta lissafa ta.

Saura kuma mu ruga.

Amurka ta sa tambayoyi 18 a binciken gidaje na ƙasa a 1995, daga nan aka riƙa fitar da alƙaluma kowace shekara. Birazil ta sa nata a binciken ƙasa na 2004, aka samu kusan gida 35 cikin 100 na cikin wani mataki na rashin tabbacin abinci. Zuwa 2013 ya sauko ƙasa da 23. A tsakanin nan, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen sayen amfanin ƙananan manoma, a 2010 kuma aka sa haƙƙin samun abinci a kundin tsarin mulki. A 2014 FAO ta cire ƙasar daga taswirarta ta ƙasashen da ke fama da yunwa. Bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa a 2015, tambayoyi takwas ɗin nan suka zama ɗaya daga cikin ma'aunan da ake bin muradin kawar da yunwa da su.

Kada dai in yi muku zaƙin baki. Ba binciken ne ya haifi shirin yaƙi da yunwa na Birazil ba. Shugaba Lula ya ƙaddamar da shi a 2003, shekara guda kafin a yi binciken ƙasar, kuma ƙungiyoyin farar hula sun yi shekaru suna matsa lamba kafin nan. Abin da ma'aunin ya yi shi ne ya ba kowa abin riƙewa. Gwamnati ta ce mun yi aiki, a ce mu ga lamba. 'Yan adawa su ce ba a yi komai ba, su ma a ce mu ga lamba. Da annobar korona ta zo, wata gamayyar masu bincike ta Birazil ta ɗauki ma'aunin ta fita da kanta, ta dawo a 2022 da mutum miliyan 33 da ke cikin matsanancin hali. Lambar nan ta yi ta yawo a bakin 'yan takara a zaɓen shekarar.

Ma'aunin na da inda ya tsaya. Ba zai gaya maka ko wannan yaron na da tamowa ba, wannan aikin ɗan maɗaurin nan ne mai launi uku da ake zagaya wa damtse. Idan da sunan gida aka amsa, ba zai nuna maka wa ke ci da farko wa ke jiran saura ba. Kuma ba ya faɗin dalili. Fari ne, ko yaƙi, ko tsada, ko rashin aiki, wannan sai an koma an sake zama da mutane.

[Hoton ginin ma'aikata, sannan shafin rahoto yana rufewa]

Wani abu na ƙarshe, don na ga wasunku sun tambaya. E, gaskiya ne, a watan Satumban 2025 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta sanar cewa za ta daina fitar da rahotonta na shekara-shekara kan wannan batu, bayan kusan shekara 30. Ma'aikatar ta ce an siyasantar da shi kuma yana cin kuɗi, masu bincike da ƙungiyoyin yaƙi da yunwa suka ce ba haka ba ne. A ƙasar da aka fara yin tambayoyin ke nan.

Ga tsanin nan mun bar muku shi a kan allo na daƙiƙa goma. Mai son ɗauka ya ɗauka.