Gidan yarin da aka gina a kufan masana'antar kwal

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina unguwar Twin Aire a birnin Indiyanafolis, nan Amurka. Bari in juya kyamara ku gani. Wancan dogon benen kotu ce, na gefensa kuma sabon gidan yarin gundumar Marion ne, mai ɗaukar mutum kusan 3,000.

Ƙasar da nake takawa ɗin nan ita ta kawo ni. Kusan shekara ɗari a nan ake gasa kwal, ana fitar da iskar gas da gawayin narka ƙarfe, sai a 2007 aka rufe masana'antar. Hayaƙi ya ɗauke, amma kwalta da sinadarai sun riga sun jiƙa ƙasa, ga kuma rafin Pleasant Run yana ratsa wurin. Fili ne da ba mai sha'awar gina gidansa a kai.

A 2017 magajin gari Joe Hogsett ya ce nan za a yi. Tsohon kurkukun cikin gari ya tsufa, ya cika maƙil. Kamfanin da ke da filin ya ɗauki aikin tsaftace shi, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka fara gini a 2018, aka dawo da fursunoni a farkon 2022. Kuɗin ya haura dala miliyan 500.

Abin da ya fi burge ni shi ne wancan ƙaramin ginin, kun hango shi? Shi aka fara buɗewa, tun ƙarshen 2020, kafin kurkukun kansa. Mai taɓin hankali ko wanda ƙwaya ta kayar, ɗan sanda zai iya kawo shi nan a duba shi maimakon a garƙame shi. Wallahi wannan tunani ya yi.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Alƙali da lauya suna tashi aiki su koma gida da yamma. Wanda ke tsare kuwa a nan yake kwana, nan yake shaƙar iska dare da rana, kuma da yawansu ko hukunci ba a yanke musu ba, kuɗin beli ne ya gagara. Don haka ina ganin dole a ci gaba da auna ƙasa da iskar wurin nan, a kuma riƙa sanar da iyalansu sakamakon.

To, ku biyo ni mu gangara bakin rafin in nuna muku ruwan.