Alamomin Hawa da Faɗuwar Sukari a Jikin Kyanwa Mai Ciwon Sukari

Assalamu alaikum masu kallonmu. Ku dubi ƙafafun bayan wannan kyanwa da kyau. Lafiyayyiyar kyanwa a kan yatsunta take tafiya, dunduniyarta tana sama. Wannan kuwa ta sauke dunduniya har ƙasa, tana jan ƙafa, kujerar da ta saba hawa da tsalle ɗaya ta gagare ta. Mai ita zai iya cewa tsufa ne, ko faɗowa ta yi daga katanga. Sau da yawa kuwa ciwon sukari ne da ya daɗe a jiki har ya taɓa jijiyoyin ƙafa.

E, kyanwa ma tana kamuwa da ciwon sukari, kuma galibi irin wanda ke kama manyan mutane ne. Ya fi kama wadda ta manyanta, ta yi ƙiba, ba ta motsa jiki, musamman muzurun da aka yi wa fiɗiya. A ƙasashen Ostireliya da Ingila an lura cewa jinsin da ake kira Burmese ya fi saura kamuwa. Allah ya halicci kyanwa ne a kan cin nama, don haka wadda aka saba wa ragowar tuwo da shinkafa da burodi, ba ta farauta, sai kwanciya, a riƙa lura da ƙibarta.

Bari mu fara da hawan sukari. Idan aka gwada jinin lafiyayyiyar kyanwa, na'ura kan nuna sukari tsakanin miligiram 80 zuwa 120 a kowace desilita ta jini. In insulin, wato sinadarin da jiki ke samarwa don shigar da sukari cikin tsoka, ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin aikinsa, sukari sai ya taru a jini ya kasa shiga tsoka. Da zarar ya haura wajen 250 zuwa 290, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari, ya kuma ja ruwa ya tafi da shi. Daga nan alamomi biyu na farko suke fitowa: yawan fitsari da ƙishirwar da ba ta yankewa. Za ku ga ta shanye kwanonta, ta koma bakin randa ko famfo ko ruwan da ya kwanta a banɗaki. Wurin da take fitsari kullum a jiƙe, wani lokaci har kiyashi su yanyame shi.

A bazara kowace dabba tana ƙara shan ruwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da zai sa ku tsaya ku duba shi ne fitsarin ma ya ƙaru, sannan ga ci kamar me, ga kuma rama. Jikinta ya zama kamar mai yunwa a gaban rumbu cike amma a kulle, dole ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ku shafa bayanta: in ƙasusuwan gadon baya sun fara fitowa, gashi ya yamutse ya daina sheƙi don ta rage lasar jikinta, to a kai ta asibitin dabbobi. Ciwon ƙoda ma yana kawo irin wannan ƙishirwa da rama, gwaji ne kawai zai raba gardama. Kuma gwajin jini guda bai isa ba, domin tsoron asibiti kaɗai yana iya ɗaga sukarin kyanwa sosai. Shi ya sa likita ke duba fitsari, ko ya yi gwajin furoktosamin, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance a makonni biyu zuwa uku da suka wuce.

Idan aka yi sakaci, wata rana wadda ke cin abinci ba ji ba gani sai ta ƙi ci. Ga amai, ga kasala, idanu sun faɗa, bakinta yana wari irin na ruwan goge farce. Guba ce daga ƙona kitse ta taru a jini. Wannan ba ya jiran gobe, sai ƙarin ruwa a asibiti.

Yanzu ɓangaren da na fi so ku riƙe, wato faɗuwar sukari. Hawa yakan ɗauki makonni yana cin jiki a hankali, faɗuwa kuwa cikin sa'o'i kaɗan tana iya kashewa, kuma kusan kullum kyanwar da ake yi wa allurar insulin take samu. In sukari ya sauka ƙasa da 60, ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Kyanwa ta yi laushi, tana tangaɗi, tana karo da bango, ƙwayar ido ta buɗe, miyau yana dalala, jiki yana karkarwa, wata ta yi ta kuka ba dalili. In abin ya ci gaba, sai jijjiga da suma. Wasu kuma ba sa nuna komai sai yawan barci da ɓuya a lungu, wannan shi ya fi ban tsoro.

Me ke jawo haka? An yi mata allura alhali ba ta ci abinci ba, ko ta ci ta amayar. Ko maigida ya yi mata, uwargida ba ta sani ba ita ma ta yi. Ko an haɗa sirinjin da bai dace ba: insulin ɗin dabbobi kamar Caninsulin da ProZinc yana da awo 40 a kowace mililita, na mutane kamar Lantus yana da 100. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40 ya ba ta ninki biyu da rabi na abin da likita ya rubuta.

In kun ga waɗannan alamomi kuma tana iya haɗiya, ku ba ta abinci nan take. In ba ta iya ci, ku laƙato zuma da yatsa ku shafa mata a dasashi. Don Allah kada a ɗura wa kyanwar da ta suma ruwa, zai sarƙe ta ya shiga huhu. Daga nan sai wurin likita, ko da ta farfaɗo, domin insulin ɗin yana nan yana aiki a jikinta. Kasala tana zuwa a hawa, tana zuwa a faɗuwa. In ba ku da na'urar gwaji kuma kuna shakka, kada ku ƙara allura sai kun ji daga likita. In kuna da na'urar, ɗigon jini daga gefen kunne ya wadatar.

Akwai kuma wani dalilin faɗuwa mai daɗin ji. Kyanwa, ba kamar kare ba, tana iya samun sauƙi har ta daina buƙatar insulin, in an gano ciwon da wuri aka mayar da ita kan abinci mai yawan nama da ƙarancin sitaci. Ita ma dunduniyar da ta sauka ƙasa takan ɗaga bayan makonni ko watanni. Don haka in ƙishirwa ta ragu, fitsari ya koma daidai, jiki ya fara cikowa, ku koma a sake gwaji, domin awon allurar da ya dace da ita a watan jiya yana iya yi mata yawa a yau.