Kallon ƙwallo a fili alhali ba ka goyon bayan kowa

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. A ce ka samu damar shiga babban filin ƙwallo ranar wasa, amma cikin ƙungiyoyin nan biyu babu taka. Ko wa ya yi nasara, barcinka za ka sha lafiya lau. To abin da ya kamata ka fara sani shi ne, filin bai san da zaman ɗan ba-ruwana ba. Mutane iri biyu aka gina wa shi, masu gida da baƙi, kuma tikitin da ka saya zai jefa ka cikin ɗayansu, ka so ko ka ƙi.

Mu ɗauki Ingila. A gasar Firimiya, doka ta ce a ware wa magoya bayan baƙi kujeru 3,000, ko kashi 10 cikin 100 idan filin bai kai cin mutum 30,000 ba. Ƙungiyar baƙin ce ke raba wannan kaso, kuma waɗanda suka daɗe suna bin ta gari-gari take fara ba wa. Tun 2016 aka ƙayyade kuɗin kada ya wuce fam 30, don haka rububinsa ake yi. Kai da ba su san ka ba, ka cire rai. Cikin masu gida za ka zauna. Fulham ce ta yi suna wajen saɓa wannan tsari, domin ta shafe shekaru tana ware wani yanki a filinta na Craven Cottage, a bakin kogin Thames da ke Landan, inda kowa zai iya zama ba tare da an tambaye shi ɓangarensa ba. Irin wannan bai da yawa.

Tikiti kuwa, wajen ƙungiyar za ka nema. Manyan ƙungiyoyi kan ce sai ka yi rajistar mamba kafin ma a ba ka damar saye. Wanda zai tare ka a bakin titi yana raɗa maka cewa yana da tikiti, rabu da shi. A Ingila sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne tun 1994, kuma yanzu da yawancin tikitoci a waya suke, za ka iya zuwa bakin ƙofa na'ura ta ƙi karɓa, mai sayarwa kuma ya daɗe da ɓacewa. A Italiya sunanka ake bugawa a jikin tikitin, a haɗa shi da fasfo ko katin shaida kafin ka wuce. Sannan kada ka biya kuɗin jirgi da masauki don kawai ka ga ranar wasa a jadawalin farkon kaka. Gidajen talabijin na sa a matsar da wasan Asabar zuwa Lahadi ko daren Litinin.

Batun sutura mai sauƙi ne. Kada ka sa launin baƙi, kada kuma ka sa jesin wata ƙungiya ta uku wai don ka nuna babu ruwanka. Ba ka san tsohuwar gabar da ke tsakaninsu ba. Riga mara tambari ta wadatar. Jaka ma ƙarama, don a filin Wembley da ke Landan duk wadda ta fi girman takardar A4 ba ta shiga.

Ka zo da wuri. Galibi ana buɗe ƙofofi awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a take wasa. Jikin tikitinka akwai lambar ƙofa, da ɓangare, da layi, da kujera, kuma ta wannan ƙofar kaɗai za ka shiga. Ƙarfe ne mai juyawa, mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, yana kuma ƙirga duk wanda ya wuce. Wannan tsantseni da tsada aka saye shi. Ranar 15 ga Afrilun 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, turmutsutsu a wasan Liverpool da Nottingham Forest ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Rahoton binciken da alƙali Taylor ya fitar bayan haka shi ya sa aka mayar da filayen manyan rukunai biyu na Ingila na kujeru zalla zuwa 1994. Sai a 2022 aka sake halatta tsayuwa, ita ma da ƙarfen dogara a kowane layi. A Jamus ba a taɓa hana tsayuwa a wasannin gida ba. A Dortmund, mutum kusan 25,000 ke tsayawa a bayan raga ɗaya, duk cikin ruwan ɗorawa.

Wannan ya kawo mu ga zaɓin kujera. Bayan raga can ne waƙa da ihu da tsalle, amma abin da ke faruwa a ɗaya ragar, mai nisan mita 105, sai dai ka ji daga bakin jama'a. Ni a ganina, ɗan ba-ruwana ya nemi gefe, kusa da layin tsakiya, ya ɗan hau sama. Daga nan ne wasa ke buɗewa.

Ga kuma ribarka da mai goyon baya ba shi da ita. Shi idonsa na kan ƙwallo, zuciyarsa na dukan uku-uku. Kai kuwa za ka iya sakin ƙwallon na minti biyar ka kalli wani wuri. Kalli 'yan bayan nan huɗu lokacin da ƙungiyarsu ke kai hari. Za ka ga suna matsowa gaba tare, ɗaya ya ɗaga hannu, sauran su daidaita, har su taka layin tsakiya. Da an ƙwace ƙwallo, duba wanda ya fara ja da baya da wanda ya tsaya don kafa tarkon satar gida. Kalli ɗan wasan tsakiya, ƙirga sau nawa yake waiwayawa kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Kalli ɗan gaba da zai sheƙa da gudu sau uku a jere ba a ba shi ba, ya dawo yana yarfa hannu, alhali gudun nasa ne ya janye mai tsaron baya har wani ya samu hanya. Kyamara ƙwallo take bi, duk wannan ba ta ɗauko maka shi. Ga ƙarar takalmi idan ya daki ƙwallo, ga muryar gola yana tsawa a jera katanga. Saurin ma ya fi na allo nesa ba kusa ba, kuma da gangan ake jiƙa ciyawa kafin wasa da lokacin hutu don ƙwallo ta riƙa sulɓi.

Amma akwai abin da za ka rasa. Babu mai sharhi, babu maimaici duk lokacin da ka so. Idan ka sunkuyar da kai kana duba waya aka zura ƙwallo, shi ke nan ta wuce ka. Idan aka tsaya duba VAR, wato sake duba hukuncin alƙalin wasa ta bidiyo, sau da yawa mai kallo a talabijin ya fi ka sanin abin da ake dubawa, ku kuwa sai zaman jira da gunaguni. Anfield na Liverpool da Old Trafford na Manchester United ma ba su da katon allon bidiyo.

Yanzu ga inda ake samun matsala. Baƙi suka ci ƙwallo mai kyau, kai kuma kana tsakiyar masu gida. Riƙe murnarka. Wanda ya yi tsalle a nan, masu kula da 'yan kallo za su iya fitar da shi, tun kafin makwabtansa su yi masa nasu hukuncin. Idan masu gida suka ci, miƙe ka tafa, ko da wanda ba ka sani ba ya rungume ka. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Sai dai wutsiyar ba ta haɗa da zagi ko jifa ba. Jifa da shiga cikin fili laifi ne a dokar Ingila tun 1991, kuma kotu na iya hana mutum halartar wasanni na shekaru.

Hutun rabin lokaci minti 15 ne, kuma layin banɗaki zai cinye shi kaf. Cunkoson da za ka gani a ƙarƙashin kujeru yana da dalili: a Ingila tun 1985 an hana shan giya a inda ake hango fili, don haka masu sha duk can suke tururuwa.

Wajen minti na 85 za ka ga wasu sun fara zamewa don gudun cunkoso. Kada ka bi su. A Mayun 2012, Manchester City na bayan QPR da ci 2 da 1 har aka shiga ƙarin lokaci, sai Dzeko ya farke, Aguero ya ƙara, suka ɗauki kofin Firimiya. Bayan busa ta ƙarshe, zauna minti 15 jama'a su ragu. A wasu wasannin, musamman na gasar Turai, 'yan sanda kan tsare baƙi a ciki har sai masu gida sun watse, don haka ka kauce wa ƙofarsu. Tashar jirgin ƙasa mafi kusa kuwa a cike za ka same ta, layi har waje. Taka da ƙafa zuwa ta gaba, sau da yawa za ka riga masu jira isa masauki.