Amsoshin Tambayoyinku: Kwana a tanti, yini a ƙafa a birnin Benis

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau jakar wasiƙun ta kai mu Italiya, domin takardu uku muka ware kuma duk a kan gari ɗaya suka faɗa, wato Benis, wanda masu garin ke kira Venezia.

Ta farko daga wani bawan Allah ce, haifaffen zangon Kumasi, da ke aiki a wata masana'anta a birnin Brescia na arewacin Italiya. Ya ce za a rufe musu wurin aiki a watan Agusta kamar yadda aka saba, shi da abokansa biyu sun yi karo-karo sun sayi tanti, suna son ganin Benis amma kuɗin otal ya fi ƙarfin aljihu. Yana tambaya a ina za su kafa tantin, kuma wai da gaske ne ana zaga garin da ƙafa?

To malam, ai ba zaɓi ba ne, dole ce. Benis a kan ƙananan tsibirai 118 take zaune, gadoji fiye da 400 suka haɗa su, kuma kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka. Mota na bin doguwar gadar nan mai kusan kilomita 4 da aka buɗe a 1933, ta tsaya a dandalin Piazzale Roma, iyakarta ke nan. Ko keke an hana hawa a cikin gari. Burodi, shara, marar lafiya, har gawa, duk ta ruwa ake ɗaukar su. Saboda haka abin da za ku fi kashe wa kuɗi kafin ku tashi ba tantin ba ne, takalmi ne. Kada ka sa sabo, ka sa wanda ƙafarka ta riga ta sani.

Batun tanti kuwa, kada ma ku yi tunanin kafa shi a cikin gari ko ku shimfiɗa tabarma a bakin tasha, 'yan sanda za su ci ku tara. Sansanonin masu tanti suna waje. Akwai na tudu, wajen Mestre da Marghera, inda bas ko jirgin ƙasa zai shigo da ku cikin kusan minti goma sha biyar. Akwai na Fusina, daga nan jirgin ruwa ake shiga. Sannan akwai zirin Cavallino da ke bakin teku, wanda sansanoni suka yi wa layi, daga Punta Sabbioni jirgin ruwa ya sauke ku kusa da San Marco, babban dandalin garin. Cavallino ta fi daɗin iska da wanka, amma kullum sai kun biya jirgi zuwa da dawowa. Ga mai lissafin aljihu irinku, na tudun ya fi. Ku kama wuri tun yanzu, don Agusta kowa a Italiya hutu yake, kuma ku riƙe maganin sauro. Garin fadama ne, sauronsa ba ya jin kunyar baƙo.

Tun 25 ga Afrilun 2024 hukumar birnin ta fara karɓar kuɗin shiga, yuro 5 a wancan lokacin, daga masu shigowa su yini su fita, a wasu ranaku da ta ware. A 2024 da 2025 ranakun tsakanin Afrilu da Yuli suka faɗa, Agusta ba ta ciki, amma ku leƙa shafin hukumar kafin ku tashi. Wanda ya kwana a cikin ƙaramar hukumar Benis, har da Mestre da Fusina, ba ya biya. Cavallino kuwa hukumarta daban.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Ku fito daga tanti da asuba. Da ƙarfe bakwai na safe garin na masu shi ne: 'yan dako na sauke kaya daga jirage, masu kifi na jera hajarsu a kasuwar Rialto, kana jin ƙarar takunka a lungu. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya hanyar da ta tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia zuwa San Marco ta cika maƙil, tafiyar da ba ta wuce minti arba'in ba sai ta ci maka awa guda kana bin ƙeyar wani. Idan rana ta take, ku bar wannan hanya ku kutsa unguwar Cannaregio ko Castello, inda za ku ga shanya a igiya daga taga zuwa taga, da tsofaffi zaune a inuwa.

Za ku ɓata, wannan ba makawa. Lambar gida a Benis ba ta bin titi, unguwa take bi. Unguwanni shida ne, kowace a fara daga ɗaya a yi ta ƙirgawa, har a Castello lambobin sun haura 6,000. Ko taswirar waya kan rikice a lungunan, don wani lungun idan ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bango biyu, wani kuma ka bi shi har ƙarshe ka tarar ruwa ne a gabanka. Wanda ya taɓa neman hanyar fita daga kasuwar Kurmi ya san yanayin. Maganin shi ne ɗaga kai: a kusurwar gine-gine akwai alluna ruwan ɗorawa da ke nuna Rialto, San Marco, ko Ferrovia, wato tashar jirgin ƙasa.

Babban mashigin ruwan da ya raba garin biyu gadoji huɗu kacal ke kansa, mafi tsufa ita ce ta Rialto da aka gama a 1591. In kun yi nisa da gada, akwai kwalekwalen fito da ake kira traghetto, yuro 2 ya tsallakar da kai. Gondola, kwalekwalen yawon shaƙatawar nan da kuke gani a hoto, rabin awa yuro 90 ne, ku bar wa amare. Ruwan sha kuma kada ku saya, famfunan da ke dandali ruwansu mai kyau ne, ku riƙe gora kawai. Ku ci ku ƙoshi a sansani, ku ƙunso guzuri, amma kada ku zauna ci a matakalar gada ko a dandalin San Marco, nan ma tara ce. Salla kuwa, wuraren da Musulmin yankin ke taruwa suna can Mestre da Marghera, sai ku tsara yininku da wannan a zuci.

Takarda ta biyu daga Damagaram take. Wani dattijo ne yake cewa shi abin na ɗaure masa kai, mutum da gidansa da kuɗinsa ya tafi hutu ya kwana a tanti kamar ɗan gudun hijira, me ya yi zafi?

Baba, Allah ya ja kwana, ka ba mu dariya a nan ɗakin. Sansanin nasu ba daji ba ne. Fili ne mai shinge da ƙofa da mai gadi, an yanka shi fuloti-fuloti, ka biya kuɗin kanka da na filin da tantinka zai zauna. Akwai banɗaki da wurin wanka da ruwan zafi, da wurin wanke-wanke, da soket na lantarki, wasu har da kanti da wurin ninƙaya. Mutum ya dafa abincinsa a ƙaramin risho na gas. Abin da zai biya otal na dare ɗaya a tsakiyar Benis sai ya riƙe shi kwanaki a nan. Wasu kuma ba don rashi ba ne, sha'awa ce kawai, ka ga attajiri ya jawo motar da ke da gado da kicin ya faka kusa da ɗalibi mai tantin mutum ɗaya, da safe su haɗu a layin wanka.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa ce a Garwa ta Kamaru. Ta ce ta ga hoton garin mutane na tafiya ruwa iya gwiwa, shin ba haɗari ba ne?

Hajiya, wannan shi suke kira acqua alta, tashin ruwan teku, kuma ya fi zuwa daga kaka zuwa hunturu, ba lokacin zafi ba. Mafi muni a tarihin baya-bayan nan shi ne na Nuwamban 1966, da ruwan ya kai santimita 194 a ma'aunin tashin teku, ba zurfinsa a kan hanya ba, sai na 12 ga Nuwamban 2019 mai santimita 187. Idan zai taso ana busa jiniya, a jera dandamalin katako a manyan hanyoyi, bayan 'yan sa'o'i ya janye. Tun Oktoban 2020 kuma ana ɗaga wasu manyan ƙofofin ƙarfe da ake kira MOSE a mashigan teku su tare shi. Abin da ya fi damun 'yan garin ma yanzu shi ne ƙaura: a farkon shekarun 1950 kusan mutum 175,000 ke zaune a tsohon garin, a 2022 suka gaza 50,000.

Mutumin Brescia, idan kun dawo a rubuto mana sau nawa kuka ɓata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.