Jiragen Sama Nawa Ake Yarda a Rasa Don Nutsar da Jirgin Ruwa?

Binta: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Isa, a yaƙi, jiragen sama nawa kwamanda zai yarda ya rasa don ya nutsar da jirgin ruwan abokan gaba?

Malam Isa: Ya danganta: sau ɗaya za a je ko kullum? Ki ɗauki harin Taranto, tashar jiragen ruwa a Italiya, a Yaƙin Duniya na Biyu, Nuwamban 1940. Birtaniya ta tura jiragen sama 21, ta rasa 2, ta nakasa manyan jiragen ruwan yaƙin Italiya 3. Ko da rabinsu aka kakkaɓo, a wajen kwamanda riba ce.

Binta: Rabi fa, Malam! Mutane ne a ciki.

Malam Isa: To, shi ya sa lissafin farautar jiragen dakon kaya kullum ya bambanta. A ce duk fita ana rasa 5 cikin 100.

Binta: Ai ba yawa.

Malam Isa: Haka kike gani. Bayan fita 30, kusan 21 cikin 100 ne za su rage. Jirgi a ƙera wani, amma matuƙin da ya iya sauka dab da ruwa, ya miƙe sak ana yi masa ruwan harsashi har ya saki topido, wato makamin da ke tafiya a cikin ruwa ya fasa jirgi, ba a samunsa cikin wata ɗaya.

Binta: Amma a Midway, inda Amurka da Jafan suka gwabza a tekun Fasifik, Yunin 1942, an wuce duk wannan lissafi. Jirage 15 na rukunin Amurka ɗaya, babu wanda ya dawo. Mutum ɗaya ya tsira, George Gay.

Malam Isa: Kuma babu topidonsu da ya samu komai. Sai dai a wannan yaƙi Jafan ta rasa jirage 4 masu dakon jiragen sama, sai aka ce asarar ta biya.

Binta: Bayan an ga sakamako ake faɗin haka. Fabrairun 1942 fa, a mashigin ruwan Ingila? Jiragen saman Birtaniya 6 ƙirar Swordfish ƙarƙashin Eugene Esmonde, duk aka harbo su, mutum 13 cikin 18 suka mutu, jiragen ruwan Jamus da suka je kai wa hari suka wuce abinsu.

Malam Isa: Wannan kam ba zan kare shi ba. An tura su da rana tsaka, masu rakiya kaɗan. Daga baya ne Birtaniya ta koma tura jiragen sama ƙirar Beaufighter da yawa a tare: wasu su danne masu bindiga, wasu su saki topido.

Binta: Da tun farko aka yi hakan.

Malam Isa: A farkon 1942 ba su da isassun jiragen, Binta.