Amsoshin Tambayoyinku: Ruwan dagwalo a gonakin rani

To jama'a lokaci na gudu, bari mu ɗan taɓa wasiƙun nan da sauri. Wani bawan Allah daga Gezawa yana tambaya wai in an tafasa ruwan rafi gubar za ta mutu? A'a malam, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, sinadarin yana nan daram. Wata kuma ta ce a gaishe mata da kishiyarta. Hajiya ba filin gaishe-gaishe ba ne fa, amma ta gaisu.

Sai wadda ta fi yawa, daga manoman rani na wajen Tamburawa. Sun ce ruwan kogin Challawa yakan zo musu baƙi ƙirin da kumfa da wari, latas ya ƙone, ƙafafun yara su yi ta ƙaiƙayi, wai shin talaka zai iya ja da kamfani? Dakta bismillah.

"Eh to, ai kamfanonin fata da wani sinadari mai suna kuromiyom suke jima, shi ke bin ruwan. A da kuwa majemanmu bagaruwa ce kawai, a daka ta a jiƙa, fata ta fito lumui, ni kaina ina yaro..."

Dakta Allah ya gafarta, ba tarihin bagaruwa suka tambaya ba! Ni dai amsata ita ce za a iya, amma ba mutum ɗaya ba kuma ba yau-yau ba. Manoma huɗu na Neja Delta sun maka kamfanin mai na Shell a kotun ƙasar Holan a 2008, sai 2021 aka ce a biya diyya, shekara 13 kenan, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya kafin hukuncin. Masuntan Bodo kuma, wani gari a Neja Delta, fam miliyan 55 Shell ya amince ya biya su a 2015.

Don haka kar wani ya je bakin get yana zage-zage shi kaɗai. Ku haɗu, ku ɗau hoto da waya, ku rubuta ranar da ruwan ya canza, ku ɗebi ruwan a gora, a yi takarda mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ku riƙe kwafi. Na sake faɗa, ku riƙe kwafi! Ku kuma masu karɓar buhun shinkafa ku yi gum, wallahi muna jin labarinku.

Ga mai kula da na'ura can yana ɗago min hannu, tambayar taki sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.